Shekarar da Na Ƙi Karɓar Sabuwar Waya

Da sunan Allah nake ci gaba, kamar yadda da shi na fara. Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta zuwana gidan mahaifinku a Ƙofar Dumi, amma duk ranar da na iso shekarar da 'yar'uwarku Balkisu ta gama jami'a sai in ajiye biro in tashi duba tukunya. A gidan nan an riga an mayar da shekarar abin ba'a. Da yaro ya yi gardama sai in ji an ce masa, ka gado Inna, wadda aka kawo wa waya sabuwa fil a kwali ta ce a ajiye. Ana dariya, ni ma ina yi. Amma akwai wanda ba ya yin dariyar, kuma dominsa nake wannan rubutu. Yayanku nake nufi. Kun san ban taɓa kama sunansa da bakina ba, ɗan fari ne, haka aka tarbiyyantar da mu, biro ma ba zai sa in fara yau ba.

Na haura arba'in kafin in san baƙi da wasali na boko. A ajin yaƙi da jahilci na koya, a zauren wani gida bayan layinmu, Laraba da Asabar bayan la'asar. Da na samu satifiket ban daina zuwa ba, sai Malama Hadiza mai koyar da mu ta ce in zauna ina taya ta da sababbin shiga, tunda ni ba na ɗaga murya. A nan na gane ciwon ajin. Mace za ta zo Asabar ta kama ba, be, bi, ta tafi gida da murna. Kafin Laraba ta yi wanki, ta yi daka, ta je suna, ta je ta'aziyya, sai ta dawo kamar ba ta taɓa ganin allo ba. A gida ba mai zama da ita, yaranta kuma in ta tambaye su dariya suke yi mata. Na sha faɗar wannan a tsakar gida ina tsince shinkafa, ban san Balkisu tana ji ba. Da lokacin aikinta na kammala karatun kwamfuta ya zo, sai ta ce za ta yi mana manhaja a waya. Waya za ta nuna kalma, mace ta karanta da ƙarfi, waya ta saurara ta gaya mata ko ta yi daidai. Babu buƙatar data, kuma babu mai yi wa kowa dariya.

Wata huɗu tana kai. Ranar da ta nuna mana a wayarta, mahaifinku ya bar fatar da yake yanka ya shigo har tsakar gida. Ya karanta "tulu", waya ta ce ya yi daidai. Ya karanta "rariya" da gangan ya ce "rariyo", waya ta ce ya sake. Ya yi dariya har da tari.

"Wannan ta fi Innarku tsanani," in ji shi. "Ita in ka yi kuskure sai ta ce wai ka kusa."

Malamanta sun gani sun yaba, ta ci jarrabawarta. Ya rage wata biyu ta tafi bautar ƙasa can kudu. Ran wata Asabar ta saka hijabinta ta bi ni aji don ta zuba wa mata abin a wayoyinsu. Mu goma sha uku ne a zauren ranar. Kowa ta kunce wayarta daga bakin zane ko ta zaro daga jaka, aka jera a kan tabarma, wasu fuskarsu a tsage, wata an ɗaure bayanta da roba. Balkisu ta fara turawa ɗaya bayan ɗaya. Ta Malama ta karɓa. Ta wata amarya ta karɓa. Sauran sha ɗayan, har da tawa, kowace sai ta yi kamar za ta karɓa, ta tsaya, ta rubuto wani ɗan layi da Turanci. Balkisu ta ce ma'anarsa abin bai hau ba.

A cikinmu akwai Maman Bitrus, mutuniyar kudancin Bauchi, tana zaune a Tirwun tana sayar da kayan miya a kasuwa. Tun daga can take hawo keke napep sau biyu a mako, don a unguwarsu ba ta so a gan ta da littafin 'yan aji ɗaya. Burinta ta riƙe littafin waƙoƙi a coci ta bi layi da idonta kamar kowa. Ita ce mai ba mu dariya kullum. Ranar ta ɗauki wayarta ta juya ta gaba da baya, ta ce da irin Hausarta,

"Maman Balki, ka gani ko? Waya ma ya san mu. Ya ga Malama ya buɗe ƙofa, ya ga mu ya ce ba na ku ba ne."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Na san irin dariyar, na yi ta shekaru da yawa duk lokacin da aka miƙo mini takarda na ce na manta tabarau. Laraba mata bakwai suka zo. Asabar biyar. Maman Bitrus ba ta cikinsu, na kira ta ta ce kasuwa ce ta riƙe ta, alhali shekara guda kasuwa ba ta taɓa riƙe ta ba. Malama ta ce mini in aka ci gaba a haka za ta rufe ajin kafin azumi. Abin da muka kawo don ya riƙe mata shi ya kore su.

Na samu Balkisu a ɗaki da hantsi, na ce ta gaya mini abin da ya faru. Ta ce wayoyin ne suka tsufa, ba laifin aikinta ba ne, a wayoyin malamanta da na ƙawayenta duka ya yi. Na ce na ji, amma ta yi mini bayani yadda zan gane, ba sauri nake ba. Ta yi ajiyar zuciya irin ta yaran zamani, ta juyo da kwamfutar.

"Inna, abin da nake rubutawa waya ba ta jin sa kai tsaye. Akwai wani abu a cikin kwamfuta, kwamfaila muke ce masa, shi ne tafinta. Shi yake juya rubutuna ya koma umarnin da ƙwaƙwalwar waya take ganewa. To ƙwaƙwalwar ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai sittin da huɗu, ita ce ta sababbin wayoyi. Akwai mai talatin da biyu, irin taku."

"Shi tafintan ya iya na masu talatin da biyun?"

"Ya iya."

"To wa yake gaya masa wanda zai yi wa magana?"

Ta dubi kwamfutar. Sannan ta ce, "Ni."

Na ce ta nuna mini wurin. Ta buɗe wani shafi, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. Turanci ne, ban san ma'anarsa ba, amma haruffa haruffa ne, lamba kuma lamba ce. Na bi shi a hankali har na iso shida da huɗu. Babu uku da biyu ko'ina a shafin. Ban ce mata komai a kan laifi ba. Na ce kawai, ashe ba a taɓa yi mana magana ba, shi ya sa ba mu amsa ba. Mahaifinku yana zaure yana jinmu, ya ɗago murya ya ce shi shekara arba'in yana ɗinka takalmi bai taɓa cewa ƙafar mai saye ce ta yi kuskure ba. Balkisu ta ce, Baba don Allah. Amma da yamma na ga ta ɗauki wayata ta shiga ɗaki da ita.

A cikin makon ne Yayanku ya zo. Labari ya kai masa cewa abin Balkisu ya ƙi hawa wayar Inna. Shi mutum ne da ba ya son a ce uwarsa ta rasa wani abu. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo da matarsa Rabi da yaransu, da kwali a leda. Rabi ce ta zaɓi launin, har da rigar waya mai ruwan ganye. Ya durƙusa ya ajiye a gabana, ya ce,

"Inna, ga wannan. Mai sittin da huɗun ce, na tambaya. A huta da waccan."

Ku da kuka taso yanzu kuna hira da 'ya'yanku na fari kamar abokai, ba za ku gane nauyin da ke bakina a lokacin ba. Tun yana jariri ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta raine shi. Maganata da shi ba ta wuce an wuni lafiya, ya iyali, Allah ya yi albarka. A cikina akwai magana mai tsawo. Ina so in ce masa, in na shiga aji da sabuwar waya a hannu na ce wa matan nan ba laifin wayarku ba ne, wace ce za ta yarda da ni? Ina so in ce masa, matan ba za su iya barin wayoyinsu su kwana a gidanmu ba, mazajensu da 'ya'yansu suna kira, tawa ce kaɗai tsohuwar da Balkisu za ta samu a hannu safe da yamma. Duk wannan yana cikina. Abin da ya fito daga bakina, ina kallon ƙasa, shi ne,

"An gode. A ajiye tukuna."

Ya ce, "To a riƙe biyun mana, Inna. Waccan a bar wa Balki ta yi gwajinta."

Maganarsa da hankali a ciki, ban musa ba. Amma na san gidan nan. Ranar da na koma sabuwa, tsohuwar za ta shiga durowa, a share ta fes, a riƙa fito da ita kamar kwanon baƙi. Wayoyin matanmu ba haka suke ba. Cike suke da wa'azi da hotunan suna da muryoyin jikoki, caji kullum saura kaɗan. In abin bai yi a wayar da ake wahalar da ita kullum ba, bai yi ba. Wannan ma ban faɗa ba. Na sake cewa a ajiye. Rabi ta sunkuyar da kai. Ya ɗauki hularsa ya ce wa yara su tashi, ko ruwa bai sha ba. Mahaifinku ya ce mini daga baya, kin kyauta wa matan waje, kin ɓata wa na gida. Na ce na sani.

Bayan kwana uku Balkisu ta fito da murna ta ce ta gaya wa tafinta ya yi na talatin da biyu. Ta tura a wayata, ya hau. Na yi hamdala. Ta ce gobe sai aji. Na ce ta bari in yi karatu da shi tukuna, ba na so in sake tara mata a kan abin da ban gwada ba. Na zauna a kan kujerar tsugune, kalma ta fito, "gida". Na danna wurin saurare na buɗe baki, sai fuskar waya ta ɗauke ta koma inda agogo yake. Na sake, ta sake. Sau biyar. Muka kira amaryar nan da wata maƙwabciya, a tasu ya yi lafiya lau. Balkisu ta ce to ai yawanci zai yi, tawa ce ta cika tsufa. Na ce mata ni da Maman Bitrus rana ɗaya muka sayi wayarmu, a shago ɗaya, iri ɗaya. Ta dube ni, na dube ta. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

Wannan karon ya ɗauke ta kusan mako biyu, kuma a nan na ga 'yata ta zama ma'aikaciya. Ta daina cewa ai ya kamata ya yi. Ta haɗa wayar da kwamfuta da igiya, ta sa ni in danna, ita tana karanta abin da wayar ta faɗa kafin ta ɗauke. Ranar da ta gano, ta kira ni da kanta, ba ni na tambaya ba.

"Inna, zo ki ga. Masu talatin da biyun ma kashi biyu ne, akwai tsara ta bakwai, akwai ta takwas. Layukan nan kwafo su na yi daga aikin wani, ban karanta su da kyau ba. Shi ya rubuta takwas don tasa sabuwa ce. Wato na ba tafinta izinin ya yi amfani da sababbin umarni. Ƙwaƙwalwar wayarki ta bakwai ce, an ƙera ta kafin a ƙirƙiro su. Tana cikin aiki sai ta ci karo da umarnin da ba ta taɓa ji ba, sai ta saki komai."

"Kamar a ce mini in karanta rubutun likita."

"Kamar haka. Sai dai ke ba kya faɗuwa."

Ta goge takwas a gabana ta rubuta bakwai. Lamba ɗaya tak. Na ce mata, mako biyu a kan wannan? Ta ce mako biyu a kan sanin wacce ce. Da ta sake turawa sai wayar ta ce babu wuri, don ta haɗa na sababbi da na tsofaffi a ƙunshi ɗaya ya yi nauyi. Ta ce in goge hotuna. Na ce ba zan goge ba, kuma ba zan ce wa kowace mace ta goge jikanta don ta koyi karatu ba. Sai ta raba su gida biyu, kowace waya ta ɗauki nata kaɗai, ta kuma ce wa tafinta a na tsofaffin ya fifita ƙanƙanta a kan sauri. Ta gargaɗe ni cewa zai riƙa jinkiri. Haka kuwa aka yi. In ka karanta kalma, sai ka ƙirga kusan biyar kafin ya amsa. Ita abin ya dame ta, ta ce da malamanta sun ga wannan da sun rage mata maki. Na ce mata mu da muka jira shekara arba'in, biyar ba za ta gagare mu ba. Kwana huɗu ina karatu da shi, da caji da babu caji sosai, ana kira yana katsewa ina komawa. Bai faɗi ba ko sau ɗaya.

Kafin ta tafi ta yi mini wani ɗan ƙaramin abu na dubawa. In na tura shi a wayar mace na buɗe, lamba ce take fitowa ƙatuwa, talatin da biyu ko sittin da huɗu, sai in san wanda zan tura mata a cikin biyun. Na tambaye ta me zai hana a ba kowa na tsofaffin a huta. Ta ce a sabuwar waya zai yi ta jan ƙafa ba dalili, wasu sababbin ma ba sa karɓarsa sam. Ta sa na yi a gabanta sau goma har na iya. Ran Talata muka raka ta tasha.

Yayanku bai zo rakiyar ba. Wata biyar bai ci abincin gidan nan ba. Yana zuwa ya gaida mahaifinku a zaure, ya aiko yaro ya ce a gaida Inna, ya juya. Azumin shekarar ya aiko da gero da sukari kamar kullum, amma bai zo buɗa-baki ko sau ɗaya ba, shi da ba ya wuce kwana uku bai sha kununa ba. Ina jin muryarsa ta katanga ina tankaɗe, ba zan iya fita in kira shi ba, ba ni da sunan da zan kira shi da shi. Da Sallah ya shigo da iyalinsa, ya gaishe ni, na amsa, aka ci gaba kamar ba a yi ba. Amma ba mu taɓa yin maganar ba har yau. To ga ta a rubuce, da kai nake. Ƙin karɓar wayar a lokacin, ko yau aka dawo da ni haka zan yi. Kuskurena shi ne na bar ka ka tashi a gaban matarka da 'ya'yanka ba tare da dalili ba, alhali ina da wanda zan aika ya gaya maka. Kyautarka ba ta yi kaɗan ba. Ban taɓa samun wadda ta kai ta ba.

Washegarin tafiyar Balkisu Laraba ce. Ban jira aji ba, da safe na hau keke zuwa Tirwun. Ban taɓa zuwa gidan Maman Bitrus ba, sai da na yi tambaya wajen masu yin bulo. Na same ta tana shanya barkono a bakin ƙofa. Ta ce lale, ta kawo kujera, ta fara ba ni labarin kasuwa. Na bari ta gama. Sannan na zaro wayata na ajiye a kan cinyata yadda za ta gan ta, da tsagewarta da komai. Ta ce,

"Ah ah. An ce yaronka ya saya maka sabo."

"Tana cikin kwalinta. Kawo taki."

Ta ce in bar shi kawai, ita ta haƙura, kanta ya riga ya bushe. Na ce ban zo in duba kanta ba, waya na zo dubawa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko. Na tura abin dubawa, talatin da biyu ta fito. Na tura mata nata. Ya hau. Kalma ta fito a fuskar wayar, ta matso da ita kusa da ido, leɓenta yana motsi. Ta danna, ta ce, "Ma... sa... ra. Masara." Sai shiru. Na manta ban gaya mata zancen jinkirin ba. Na ga fuskarta ta fara komawa irin ta ranar Asabar ɗin nan, har ta fara miƙo mini wayar. Sai wayar ta ce ta yi daidai.

Ta janye hannunta. Ta dubi wayar, ta ce,

"Kai! Sai da ka yi shawara kafin ka yarda ko? Ba komai. Ni ma haka nake yi wa mai sayen tumatir."

Ta karanta ta biyu, ta uku. A ta huɗu ta yi kuskure, wayar ta ce ta sake, ta ce wa wayar ta yi mata a hankali ai ba gudu ake ba. Kaji suka shiga barkononta, ni na tashi na kore su. Da na yi mata sallama ba ta ɗago ba, ta ce in gaida gida.

Da la'asar ina zaure ina share allo, mu shida ne, Malama tana duba rajista tana girgiza kai. Sai na ji keke ya tsaya a bakin layi, na ji muryarta tana faɗa da direba a kan ya wuce ƙofar. Ta shigo da mata biyu a bayanta waɗanda ban taɓa gani ba, kowace tana riƙe da waya a hannu kamar mai zuwa awo asibiti. Ba ta ko zauna ba. Ta karɓi wayoyin ta zube mini a cinya.

"Maƙwabtana ne, ba su san ko alif ba. Maman Balki, duba musu. Talatin da biyu ne ko sittin da huɗu?"

Na goge allin hannuna a zane, na ɗauki ta farko.